Kujerar Tsakiya ta Usta Fikri

Usta Fikri bai taɓa buga jita ba, bai taɓa riƙe sandar ganga ba, in kuwa ya ɗauko waƙa da bakinsa har kyanwowin unguwa sai sun watse. Direban tiram ne, jirgin nan namu na cikin gari, tun yana saurayi har ya yi ritaya yana jigilar mutane tsakanin Ramla da Bakus. Amma duk mai tara faifan garmaho a Iskandariya ya san kunnen Usta Fikri, ya kuma san bakinsa, don bakin ya fi kunnen kaifi.

Ni Shukri ne, mai gyaran agogo, a ɗakin bayan shagona muke taruwa duk Juma'a bayan la'asar. Tsofaffin da suka rasa aikin yi, in ji matanmu. Faifai ɗaya ne ya haɗa mu, na wasu samarin garinmu masu kiɗan rok da ake kira Hayaƙin Teku. Sun fitar da shi lokacin muna da gashi a kai, suka yi faɗa, suka watse. Sai yanzu duniya ta farga da su. Kamfanonin ƙetare sai sake buga faifan suke yi, kowanne ya ce shi ya wanke sautin, ya goge shi, ya fito da abin da ya ɓuya. Wai wankewa! Sai ka ce wando.

A ɗakin akwai kujera ɗaya mai hannu, daidai tsakiyar lasifikoki biyu, inda sautin hagu da na dama ke haɗuwa. Sauranmu benci. Dokarmu ita ce, duk ranar da sabon bugu ya shigo gari, sai a ɗaure wa mai kujerar ido da gyale, ni kuma in ɗora tsohon da sabon bi da bi, bai san wanda na fara da shi ba. In an gama sai a tambaye shi, "Wanne ya fi?" In ya zaɓi bugun asali, kujera tasa ce. In ya zaɓi sabo, ya tashi wani ya hau. Tun da muka kafa dokar nan ba a taɓa ɗaga Fikri ba.

Kuma ba ya zaɓe ya yi shiru, sai ya ci wa faifan mutunci. Da aka kawo bugun Jamus cewa ya yi, "Wannan an yi masa aski har da gira." Na Japan kuwa, wanda ya zo cikin kwali mai ƙyalli, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Tsaf-tsaf, masha Allah. Amma ina mutanen suka tafi? Na ji kayan kiɗa, ban ji wanda ke gumi ba."

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Dakta Ramzi, likitan haƙori, mutumin da ya zuba dukiyarsa a wayoyin lasifika da alluran garmaho, kuma shi ne na gaba a layin kujera. Shekara da shekaru yana kan benci yana haɗiyar miyau.

"Usta, kujerar nan fa ba gadon gidanku ba ce," haka yake cewa.

"Ba kuma kujerar cire haƙori ba ce, Dakta. Nan ba a hawa da allurar kashe zafi."

To amma akwai abin da dukanmu muka sani, ba mai faɗa. Kunnen Fikri yana tafiya. Ƙararrawar tiram da ƙugin ƙarfe a kan ƙarfe sun cinye na hagu, na daman ma ya fara bi. Sai ka ce masa ga shayi, ya ce maka lafiya lau. 'Yarsa Nirmin ta sayo masa na'urar ji, ya jefa ta cikin aljihun tebur. "In cusa roba a kunne in saurari Hayaƙin Teku? Gara in ci wake da safar hannu!" Wallahi abin yana damuna, domin na san ban da kujerar nan ba abin da ke fito da shi daga gida.

Ana nan sai Dakta Ramzi ya shigo da bugun Ingila, yana riƙe da shi kamar jariri. Ya riga ya saurara a gidansa. Ya ce sun ƙure siririn sauti na sama, har yana tsaga kunne. "Ko kurma zai bambance su," ya ce, yana kallon Fikri ta wutsiyar ido. "Sai dai in kurumtar ta yi nisa."

Na ja Fikri gefe wajen murhun shayi, na kai bakina kunnensa na dama. Na ce in zan ɗora na asali zan yi tari sau ɗaya.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shukri, ka yi tarin nan, in fasa maka duk agogon da ke bangon shagonka. Ni za ka yi wa jagora?"

Aka ɗaure masa ido. Na fara da na asali, na zaɓi doguwar waƙar da ke ƙarshen fuskar faifan ta biyu, wadda jita ke yin shiru a tsakiyarta a bar mai ganga shi kaɗai yana shafar farantan tagulla a hankali. Fikri ya zauna ƙyam, hannuwansa a kan gwiwa, har ta ƙare. Na cire, na ɗora na Ingila. Kai, gaskiyar Dakta ce, sautin yana sukar kunne, har Girgis mai sayar da kifi ya yamutsa fuska. Amma da aka zo wurin farantan, sai na ga yatsun Fikri sun fara motsi a kan hannun kujera. Ya karkato da kai. Bakinsa ya ɗan buɗe. Kafin waƙar ta ƙare gyalen ya jiƙe a wuri biyu.

Na ɗaga allura. Na ce, "Usta, wanne ya fi?"

"Na biyu."

Sai Dakta Ramzi ya tafa hannu ya fashe da dariya. "Allahu akbar! Yau dai tiram ya sauka daga kan layi!"

"Rufe bakinka, Dakta, kar ƙuda ya shiga," in ji Fikri, ko gyalen bai kwance ba. "Na san na biyun shi ne na Ingila. Tun saukar allura na sani, ba ya ƙas-ƙas irin na tsohon faifai. Ba a tambaye ni wanne ne tsoho ba, wanne ya fi aka ce."

"Haba Usta!" na ce. "Kai da bakinka? Wannan abin mai tsaga kunne?"

Ya fizge gyalen, idanunsa jajir. "Kunnenku yake tsagawa. Ni farantan nan rabona da jin su tun kafin a haifi jikata, ga ta nan yanzu tana zuwa makaranta. Duk Juma'a ina zaune a nan ina gyaɗa kai, daga cikin kaina nake ciko su, ku kuna cewa Usta ya ji abin da ba mu ji ba. Yau na ji su da kunnena. Sai in ce ban ji ba saboda kujera?"

Ni dai na kasa haɗa ido da shi, tausayi da haushi suka cika ni. Dakta Ramzi ma dariyar ta maƙale masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Zauna abinka, Usta. A bar ta yau, ba a ƙirga ba."

Nan fa ya taɓo shi. "Sadaka za ka ba ni? Ni?" Ya miƙe tsaye, ya cafki hannun Dakta, ya jawo shi ya dangwarar da shi a kujerar. "Doka doka ce. Hau, ka ji abin da ka daɗe kana mafarki."

Shi kuma ya taka zuwa ƙarshen benci, can jikin lasifikar dama, wurin da ko baƙo ba ma bari ya zauna don ba a jin komai sai ɓangare ɗaya. Ya ture Girgis, ya zauna, ya kai kunnensa mai sauran rai har yana gogar allon lasifikar.

"Shukri, mayar da na Ingila. Ƙara masa murya."

"Usta, zai kashe mu fa," in ji Girgis.

"Ku toshe kunnuwanku, kuna da sauran shekarun ji a gaba. Ni ban san ko kunnen nan nawa zai kai ni baɗi ba." Ya buga benci da tafin hannu. "Me kake jira? Ɗora!"

Na ɗora, na murɗa har ƙarshe.