Buhu Ba Shi da Wuya

Motata tsohuwar jif ce, irin wadda ake shiga daji da ita. Na tuƙa ta shekaru da yawa a ma'aikatar gona kafin in ajiye aiki, da aka zo gwanjonta kuwa ni na saya, saboda na san duk wata ƙara da take yi, kuma ba na so a shekaruna in fara koyon ƙarar wata motar. Ni mutum ne mai duba taya sau biyu kafin in tashi. In na ɗan yi nisa nakan tsaya in sake dubawa, don ban tabbata na biyun na duba da kyau ba. Matata ta daɗe da daina magana a kan wannan.

Kowace Asabar nakan tashi daga Kazaure in je gaida mahaifiyata a ƙauyenmu, gaba da Gwiwa kaɗan. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta iya zaman mota. Abin da take jira duk mako shi ne in kawo mata 'ya'yan 'yata guda biyu, mace mai shekara shida da ƙanenta mai huɗu. Takan shafa kansu, ta auna damtsensu da yatsu, ta ce ana rage musu abinci. Bayan ta gama sai ta tambaye ni ko na zo lafiya.

Wata Asabar cikin damina, muna dawowa, ban kai ga hawa kwalta ba, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ba gudu nake ba. A hanyar nan masu keke ma wuce ni suke yi, wasu har su gaishe ni. Amma motar ta yi tsalle, jikata ta taso daga kujerar baya, goshinta ya bugi ƙarfen bayan kujerata. Wurin ya kumbura kamar ƙwan tattabara. Ba ta yi kuka ba sai da ta ga fuskata.

Uwarta a asibiti take aiki, ta ga abin da hanya take kawowa. Ta duba goshin, ta haska idon yarinyar da fitilar waya, sannan ta juyo gare ni.

"Baba, ina bel ɗinsu?"

"Yana nan, na naɗe shi a bayan kujera. Ko datti bai yi ba."

Na yi mata bayani cewa na taɓa gwadawa. Da na jawo shi, sai ya bi ta kan wuyan yarinyar daidai maƙogwaro, na namijin kuwa ta kan kunne ya bi. Na kwana uku ina tunanin abin da zai faru in na taka birki da ƙarfi, daga nan na naɗe shi na rage gudu.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Amma ba za su ƙara shiga motar nan ba sai an ɗaure su yadda ya kamata."

"Inna fa?"

Ta gyara wa yarinyar ɗankwali. "Ka gaishe ta. Ka ce mata ni na hana."

Washegari na kai motar wurin mai walda. Na nuna masa inda bel yake maƙale a jikin mota, sama da kafaɗar babban mutum, na ce ina so a sauko da shi ƙasa kamar taƙi ɗaya. Ya ƙwanƙwasa wurin notin da sifana, ya ƙwanƙwasa inda na nuna, ya ce in saurara. Na saurara. Ƙarar ba ɗaya ba ce.

"Malam, nan sama an ninka ƙarfe. Nan ƙasa gwangwani ne. In kana so in huda, zan huda, aikina ke nan. Amma ranar da ya yage ba na cikin motar."

Na ce ya sake ƙwanƙwasawa. Ya sake. Na yi masa godiya na tafi.

Sai na nufi mai ɗinkin kujerun mota. Na ce ya yi mini wata 'yar maɗauri da za ta kama bel na kafaɗa ta jawo shi ƙasa, ta haɗe shi da na cinya, don ya kauce wa wuya. Na gindaya masa sharaɗi, kada allura ta taɓa bel ɗin kansa. Ya ce to. Na zauna a gefensa har ya gama, don in tabbata.

Saura gwaji, kuma an hana ni yaran. To, ba a hana ni tafiya da su a ƙafa ba. Na riƙe hannunsu muka je wurin mai hatsi na bakin unguwarmu, na roƙe shi aron sikeli. Da na ɗora jikata, ta dube ni daga sama.

"Mijin nawa, sayar da ni za ka yi?"

"Wa zai saye ki, ke da ko tuwo ba ki iya ba?"

"Kai ma ai tuƙi ba ka iya ba. Ga goshina."

Mai hatsi ya juya baya yana dariya. Ni dai na rubuta nauyinta a takarda, na rubuta na ƙanenta, wanda sai da aka auna shi sau uku saboda rawa yake a kan sikeli. A gida na zaunar da su a jikin bangon zaure, na ja layi da alli daidai kafaɗar kowannensu. Na sa aka zuba mini gero a buhu biyu, kowanne daidai nauyin mai shi.

Na ɗaure buhunan a kujerar baya, na ɗauki hanyar Roni, na sami wurin da babu kowa. Na ɗan yi gudu na taka birki. Na fito na duba. Na koma na sake. Wani mai kiwon shanu ya tsaya a gindin dutse yana kallona tun daga gwaji na farko har na bakwai. Buhu ko ɗaya bai motsa ba.

Da yamma na kai wa 'yata motar har ƙofar gida. Ta leƙa, ta ja bel, ta sa yatsa a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, buhu ba shi da wuya."

Na duba. Gaskiya ne, ba shi da shi.

"Ba shi da hanji kuma. Dubi maɗaurin nan naka, ya jawo na ƙasa ya hau ciki. Na ƙasa a kan ƙashin ƙugu ya kamata ya zauna. In ya hau ciki aka taka birki, wurina za a kawo su."

Na cire maɗaurin a gabanta, na sa a aljihu. Har yau yana cikin akwatina, ban san dalili ba.

Asabar biyu na je ƙauye ni kaɗai. Ta farko, da na durƙusa na gaida Inna, ta miƙa hannu ta bayana tana laluben kai. Hannun ya zagaya bai sami kowa ba, ta mayar da shi cinyarta. Na gaya mata gaskiya, saboda ban iya ƙarya ba, in na yi sai na dawo na warware. Ta ce uwarsu ta fi ni hankali. Ta biyu ba ta miƙa hannun ba. Ta dai ajiye gyaɗa soyayya a ƙulle a bakin zaninta, da zan tafi ta kwance ta ba ni, ta ce kada in ci a hanya. Wannan gyaɗar ta fi maganar 'yata damuna. Mace mai shekarun Inna, ba a cewa bari sai wata mai zuwa.

Cikin makon na yi wa buhunan wuya. Na ɗaure bakin kowanne da igiya har ya tsuke, na kifa ƙaramar ƙwarya a kai, na daidaita kafaɗar da layin allin da ke zaure. Matata ta fito da tsintsiya, ta tsaya ta kalle su, ta koma ciki ba ta yi sharar ba. Na jawo bel ba tare da wani maɗauri ba. Ya hau wuyan buhu daidai inda ya hau na jikata. Aƙalla yanzu na sami buhu mai faɗin gaskiya.

Asabar ta uku na tafi da buhunan ƙauye, don in ga yadda bel yake goga wuyan a kan ainihin hanyar. Ina cikin gaisawa da Inna, matar ƙanena ta shigo da ruwa ta ce, "Yaya, baƙin da ke mota ba za su shigo ba ne?"

Inna ta ɗago kai. "Ka kawo su?"

Na ce ba su ba ne. Ta riga ta lalubo sandarta. Na riƙe ta har bakin mota, na buɗe ƙofar baya. Ta miƙa hannu, ya sauka a kan ƙwarya. Ta shafa ta, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Wannan wa ya haife shi?"

Na yi mata bayani tun daga mai walda har zuwa mai kiwon shanu. Tana saurare, hannunta yana bin bel daga sama, ya sauko, ya tsaya a wuyan buhu. Ta bi na ƙasa kuma har inda ya shiga makullinsa.

"Ashe goyo kake koya," in ji ta.

"Ba goyo ba ne, Inna, bel ne. Daga kamfani aka—"

"Goyo ne. Kai da na goya har ka yi wayo, ba ka lura da komai ba? In yaro ya zame ƙasa, zani ya hau masa wuya, wace uwa ka gani ta tsaya tana rage zani? Sunkuyawa take yi ta cilla shi sama. Ka ɗaga yaron mana."

Ta sa matar ƙanena ta ɗauko 'yar kujerar da ita Inna take zama a kai a bakin murhu. Aka ɗaga babban buhu aka tura kujerar a ƙarƙashinsa. Bel ya bar wuya ya kwanta a tsakiyar kafaɗa. Na ƙasa ya sauka ya zauna inda cinya za ta kasance. Na cire kujerar, ya koma wuya. Na mayar, ya sauka. Na yi haka sau huɗu.

Inna ta ce, "In ka gama, ina son kujerata. Geron kuma ka sauke shi, ya sha wahala."

Mako uku ina tunanin yadda zan sauko da bel, ko sau ɗaya ban yi tunanin ɗaga mai zama ba. A hanyar komawa na tsaya duba taya, na daɗe a tsugune ban duba komai ba.

Kujerar murhu ba za ta yi ba, za ta zame, kuma tana da kusurwa. Na koma wurin mai ɗinkin kujeru da awon da na ɗauka. Ya yi mini mazauni biyu, katako a ciki, soso mai tauri a sama, ya rufe da yadin da ba ya santsi. Na namijin ya fi tsawo da yatsu uku. A kowane gefe ya fitar da ɗan kunne, inda bel na ƙasa zai bi ta ƙarƙashinsa don kada ya hau ciki, ya kuma sa igiya mai faɗi da ta ɗaure mazaunin da kujerar mota. Na hau kowanne na tsaya da ƙafa biyu. Ya ce in sauka, ba don ni aka yi ba.

'Yata ta fito da yaran da kanta. Ta zaunar da su, ta ɗaure, ta sa yatsa a kafaɗa, ta sa a ƙugu. Ta ce wa yarinyar ta sunkuya, ta ce ta miƙe. Ta fizgi bel da ƙarfi ta ji ya cije.

"Wa ya ba ka wannan dabarar?"

"Kakarki."

"Na taɓa ganin irinsa a waya, ban kawo shi a raina ba." Ta sake jan bel ɗin. "Zan sa babansu ya duba na kanti in ya shiga Kano. Kafin nan su je. Amma Baba, ko kusa ne a ɗaure."

Na ce ko daga zaure zuwa bakin titi.

Ranar Asabar muka tashi da hantsi. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne, yanzu jikata tana ganin waje ta taga. Tun daga inda muka sauka daga kwalta take ba ni rahoto.

"Mijin nawa, mai keke ya wuce mu."

"Na gan shi."

"Da akuya a bayansa."

Na ce ta gyara zama. Da muka zo ramin nan na tsaya cak, na shiga da taya ɗaya ɗaya, ina kallonsu ta madubi. Kansu ya kaɗa, jikinsu bai tashi ba. Namijin ma barci yake.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ban gama sallama ba ta miƙa hannu, wannan karon ya sami kai. Ta shafa goshin yarinyar, ta daɗe a wurin da kumburin ya kasance, ta jawo namijin ta auna damtsensa. Ta ce sun rame, mako uku ba mai ba su abinci. Ta kira matar ƙanena ta kawo fura a ƙaramar ƙwarya, na gane ƙwaryar, ita ce kan babban buhu. Geron ma na sani.

Suna sha ta juyo wajena ta tambaye ni ko na zo lafiya. Na ce lafiya lau. Ina zaune ina kallon ƙafafun jikata, sai na ga kamar sun ƙara tsawo a kan na watan jiya. Na lalubi aljihuna na ji allin yana nan.