Zuwa Ganin Yaya a Kan Keken Batir

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kaduna, ni da ɗana na fari da matarsa. Ita ce take rubuta muku wannan ina faɗa, don ni ban yi boko ba, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Zariya muka nufa, cikin birni, Limancin Kona, gidan da aka binne cibiyata. Yayata ce ta aiko. Idonta ya rufe, ƙafa ta daina ɗaukarta, ta ce a gaya mini ta gaji da jin muryata ta cikin waya, tana so ta ji ta a ɗaki ɗaya tun da sauran kwana.

Na daɗe rabona da gida, gwiwoyina ne suka ci amanata. Zuwana na ƙarshe wani biki ne, samari suka ɗora ni a kujerar roba suka ratsa tsakiyar mata da ni kamar buhun tsaba, ana ta "a ba da hanya". Tun ranar na ɗaura wa raina cewa ba mai sake ɗaukata sai ranar da za a ɗauke ni a makara. Wannan taurin kan ne ya raba ni da Yaya shekara da shekaru, har bara da yaron nan ya sayo mini keke mai batir, irin mai ƙafa huɗu da kujera da ɗan kwando a gaba. Maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar asibiti 'yar Wusasa, ita ta koya mini shi a tsakar gida. Babu karatu a ciki. Akwai hoton kunkuru, akwai hoton zomo, akwai fitilar batir koriya da ja. Ta ce, "Hajiya, cikin mutane ki zauna a kan kunkuru. In kin tsaya, ki zare makulli. Kuma wannan dogon hijabin naki ki tattare shi ki danne da cinya, taya ba ta san mutunci ba." Na ce na ji.

Tun ana gobe tafiya da rana na sa aka jona shi ya cika, don wutar unguwarmu ba ta da alkawari. Da za mu tashi aka raba shi gida-gida, kujera daban, gangar jiki daban, aka shirya a but ɗin mota. Batirin kuwa na hana a sa shi a can. A tsakanin ƙafafuna ya zauna a tsaye, naɗe cikin leda, don damina ce kuma shi da ruwa ba sa ga-maciji.

Hanya ba laifi, wani wuri sumul, wani wuri sai ka ce kaji sun yi tono. Duk ramin da muka faɗa sai na dafe batirin, surukata tana dariya wai ko jikana ban riƙe haka ba. Na ce jikana ba shi zai kai ni wajen Yaya ba. A Maraban Jos muka tsaya sayen gasasshiyar masara. Da mai masarar ta faɗi kuɗin guda sai da na sake tambaya, don a ƙuruciyata da wannan kuɗin akuya ake saya har da igiyarta. Ga ta kuma ba zaƙi, duk taki ne. Gonaki dai sun yi kore shar, dawa ta kai ƙugu, Fulani na kora shanu a gefen titi. Da na hango Dutsen Kufena daga nesa, hazon ruwa ya rufe masa kai, sai na ajiye masarar, na san gida ya kusa.

Mun ɗan tsaya Wusasa muka ba ƙanwar maƙwabciyata saƙonta, ta cika mana gora da kunun zaƙi, ta ce a gaida mai jiki. Daga nan muka zagaya muka shiga birni ta Ƙofar Kibo. Ganuwar da muke hawa muna yara mu tsinko kanya ta zaizaye, wani wurin ma gidaje sun cinye ta. Na yi ta neman wani rimi da nake gane hanya da shi, ban gan shi ba. Inda yake, shagon cajin waya ne da mai sayar da fetur a kwalba. Muka wuce Kusfa, babura na shiga ta ko'ina kamar ƙudan zuma, har muka kai inda mota ba ta iya ƙara gaba.

A bakin lungu aka harhaɗa keken. Kafin in hau sai da na sa aka girgiza kujerar na ji ta kama, na duba tayoyi, na gwada birki. Nan da nan yara suka yi mana zobe suna "motar Hajiya, motar Hajiya". Wani ya miƙo hannu zai danna hon, na doke hannun. Na ce hon ba wasa ba ne, batir yake ci, kuma wanda ya ƙara taɓawa zai ji a jikinsa. Na tattare hijabina na danne, na murɗa zuwa kunkuru, na ce bismillahi.

Lungun nan da ƙafa na san shi, ban taɓa sanin haka yake da ƙunci ba sai da na shige shi a kan taya. Kwata ta raba shi biyu, ruwan da aka yi da dare ya bar taɓo, ga awaki kwance a tsakiya kamar ubansu ne ya gina hanyar. Inda aka ɗora katako a kan kwata sai ɗana ya fara takawa ya ji ƙarfinsa, sannan in hau shi kai tsaye, ba a karkace ba. Inda ruwa ya taru kuma in kauce, ko da zagaye ne. Tafiyar da nake yi da tallan ƙosai a ka ina waƙa, yau ta zame mini kamar tafiyar Makka. Kuma kowace ƙofa sai an tsaya. Tsofaffin da suka rage suna leƙowa, "Lale, lale, ashe rai kan ga rai!" Duk tsayawa sai na zare makulli, kuma na ga amfanin hakan, don wata ƙawar tallata da ta rungume ni tana kuka, a kan abin da ake matsawa keken ya tafi ta jingina gwiwar hannunta. Da a kunne yake da mun ƙare gaisuwar a cikin kwata. Na tambaye ta mutum biyar, huɗu ta ce mini sai haƙuri.

Kusa da gida akwai dakalin da malamai ke zama ɗaukar karatu tun zamanin mahaifinmu. Na hango su da littattafai a buɗe, har da wani dattijo almajirin mahaifin namu, gemu fari fat. Na dubi kaina, ga hijabi a tattare, ƙwaurina daga safa sai iska. Mace ba ta wuce wannan dakalin haka, ban ga uwata ta yi ba, ni ma ban taɓa yi ba. Sai na zare hijabin daga ƙarƙashin cinya na sake shi har ƙasa. Na ce ai 'yar tafiya ce.

Ban kai dakalin ba na ji an fizge ni ta wuya. Tayar baya ta kama bakin hijabin ta naɗe, kaina ya yi baya, numfashi ya ɗauke. Allah ya taimake ni a kan kunkuru nake, kuma keken nan da ka saki hannu yake tsayawa. Na saki. Ko a wannan halin ban kira sunan ɗan fari ba, "Kai wannan!" kawai na iya cewa. Ya zo a guje ya zare makulli, ya saki ƙarfen baya da ke kwance birki, ya tura keken baya kaɗan kaɗan, matarsa tana warware ƙyallen. Ya fito a yage, baƙi ƙirin da taɓo. Malamai duk suka sunkuyar da kai a kan littattafansu kamar ba su ga komai ba, sai dattijon nan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Hajiya, lalura tana da hukuncinta. Ki tattare kayanki ki wuce, Allah ya kiyaye gaba." Na ce amin, Malam. Na sa aka mayar da ƙarfen birkin mazauninsa, na gwada na ji ya kama, sannan na wuce.

Ga ƙofar gidanmu. Zauren yana nan yadda na san shi, na ƙasa, da sanyinsa da warin jemagu. Amma dokin ƙofar ya kusa kai gwiwa, an ɗaga shi saboda ruwa, kuma zauren Zariya ba ya miƙewa, lanƙwasa yake yi don kada na waje ya hango na ciki. 'Ya'yan yayyena suka fito da gudu. "Goggo, ki zauna abinki, mu ɗaga ku gaba ɗaya." Na ce a'a, ba a ɗaga keken nan da mutum a kai, in ya kife ni da shi duk mun tashi aiki. Sai wani ya ruga ya dawo da kujerar roba. Har kalarta irin waccan ce.

Na dubi kujerar. Daga ciki kuma ina jin tarin Yaya, na san shi ko a cikin kasuwa. Na ce a mayar da kujera, maza duk su fita su juya baya. Surukata ta kama ni na sauko na zauna a kan dokin ƙofa, na ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya da hannu na tsallakar. Daga nan na durƙusa. Da rarrafe na ratsa zauren ubana, na bi lanƙwasar, na fita tsakar gida, na wuce rijiya, na wuce inda murhun Inna yake a da. Gwiwoyina kamar ana soka musu allura, amma ba wanda ya ɗauke ni.

"Wa ke jan jiki haka a ƙofata?" in ji Yaya.

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Auta? An ce mini da mota kika zo, ashe da rarrafe. To ai da rarrafen kika fara fita daga ɗakin nan, ni nake bin ki ina kamowa. Matso in ji."

Ta shafa fuskata, ta ce na tsufa. Na ce ita fa? Ta ce ita ba ta gani, don haka ba ta tsufa ba. Hannunta ya sauka a kan yagar hijabin, ta tambaya, na gaya mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce tun ina yarinya kunyata ta fi hankalina yawa. Aka kawo faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, irin wanda Kanawa ke mana gori a kai, muka ci a kwano ɗaya. Loma kaɗan ta yi, sauran ta yi ta turo mini gabana yadda take yi muna yara. Muka kira matattu ɗaya bayan ɗaya muka yi musu addu'a. Keken kuwa an shigar da shi zaure ba kowa a kai, an rufe da leda saboda yoyo, makullin yana ɗaure a haɓar zanina.

Bayan la'asar hadari ya fara haɗuwa, ɗana kuma yana da aiki washegari. Yaya ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce duk zuwan da na taɓa yi ita ke raka ni har bakin titi, yau ga shi ko ƙofar ɗaki ba za ta kai ba. Sai ta ce, "Motar taki tana da hon?" Na ce tana da shi. Ta ce, "To ki riƙa dannawa har ki kai titi, in raka ki da kunne."

Na fita yadda na shigo. Na hau, na tattare hijabi, na danne shi sosai, na wuce malamai a haka. Ni da na doke hannun yaro saboda hon, ni ce na bi lungun nan ina danna shi a kowace kwana, yaran suna kallona baki buɗe. A bayan katangar ɗakinta na tsaya na danna sau da yawa. Ban san inda ta daina ji ba. Ni dai ban daina ba sai da muka kai mota, fitilar batir ta sauka daga kore.

Ruwa ya kama mu a Jaji, muka shigo Kaduna ana kiran magariba. Washegari na aika duk hijabaina wajen tela a rage musu tsawo, ban da yagaggen, shi na ninke na ajiye yadda hannunta ya bar shi. Abin da tafiyar nan ta koya mini, keke zai kai ka ƙofa ne kawai, daga nan sai ka ajiye girman kai ka ƙarasa. Da na san haka tun gwiwa na da sauran ƙarfi, da shekarun da na zauna ina fushi da kujerar roba na yi su a ɗakin Yaya. Ku masu irin keken nan, ku zauna a kan kunkuru, ku zare makulli, ku tattare tufafinku ko a gaban wa. Ni yanzu kullum da safe nakan goge shi da busasshen tsumma, in sa a cika batirin ko ba inda za ni. Duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, kada a ce Yaya ce. Na gaya wa yaron nan da an ɗauke ruwa za mu koma, kuma wannan karon kwana zan yi.