Askata da Rezar Ɗan Dahome

Jama'a, yau saura kaɗan in rasa sana'ata!

Ni wanzami ne a kasuwar Bagudo. Gobe bikin 'yancin kai, kowa na son aski. Sai ga wani ɗan Dahome da reza da sabulun Turawa mai ƙamshi, yana cewa zamanin aska ya wuce. Mutanena suka fara komawa wajensa!

Na ce masa, "Ga Baba Dandare ya zo aski, mu raba kansa biyu, kowa ya aske rabi."

Baba ya ce, "Bismilla."

Na murza sabulun salo, na wasa aska, na gama gefena sumul. Rezarsa kuwa ta cije a gashi, Baba ya yi ƙara!

Ɗan Dahomen ya dubi askata, ya tuɓe hula, ya zauna a tabarma.

"Maigida, yi mini nawa askin."