Oga Pam da Tsohuwar Kwamfutata

Oga Pam ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina buɗe shago. Ƙaninsa Gyang ne ya kira. Ya ce jiya da yamma ƙirji ya riƙe shi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na ce, "To." Abin da ya fito bakina ke nan. Na ajiye waya na ƙarasa shara.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mai gyaran kwamfuta ne a Titin Bauchi. Ni kuma katin biki da kalanda nake bugawa, shagona bai da nisa da nasa. Mun daɗe tare. In ya je ƙauye, da dankali yake dawo mini. Da azumi ba ya cin komai a gabana, ko ruwa sai ya zagaya bayan shago. Lokacin da gari ya rikice, shi ya fara kirana ya ce, "Sabo, kana ina? Kar ka bi ta babban titi." Bai ajiye waya ba sai da ya ji na shiga gida a unguwar Rikkos.

Kullum ina yi masa tsiya cewa a Hausarsa kowa namiji ne. Ko matarsa ta shigo, "ya zo" zai ce.

Kwamfutata irin ta kan tebur ce, tsohuwa sosai. Kwanakin baya ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, in na kunna ta sai na je na sayo shayi na dawo ba ta gama tashi ba. Kowa ya ce in jefar. Duk aikina yana ciki, amma ba aikin ne ya fi damuna ba. Hotunan Inna, mahaifiyata, suna ciki, har da bidiyon da aka ɗauke ta tana rawa ranar sunan ɗana. Ba ni da su a ko'ina sai nan.

Makon jiya Oga Pam ya zo da sukurdireba a aljihu. Ya kwance gefenta, ya hure ƙurar har muka yi tari, ya kara kunne.

Ya ce, "Kwamfuta ɗinka bai mutu ba. Hard disk ne ya gaji. Mu sa masa sabo, zai yi gudu kamar yaro."

Hard disk shi ne rumbun da take ajiye komai. Ya kawo sabon, wanda suke kira SSD, ɗan ƙarami kamar sabulun wanka. Ya jona su biyun, ya fara kwashe kayan tsohon zuwa sabon. Abin ya ɗau lokaci. Muka zauna a benci muna cin gasasshiyar masara, yana ba ni labarin 'yarsa da ta samu shiga jami'a. Aka ɗauke wuta, ya tashi da kansa ya ja janareto.

Aikina duk ya wuce lafiya. Da aka zo kan hotunan Inna, tsohon ya tsaya cak. Ya sake gwadawa, ya ƙi.

Ya ga yadda fuskata ta canza. Ya naɗe tsohon rumbun a leda ya sa a aljihun riga, ya ce, "Bar mini shi. Zan lallaɓa shi a gida. Inna ba zai ɓata ba."

Na ce, "Ba za ta ɓata ba, ake cewa."

Ya yi dariya ya tare keke napep. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu na je gidansa gaisuwa. Matarsa Madam Ladi ta ja ni ɗakin da yake aiki. Ga tsohon rumbun nan a kan tebur, waya na jone da shi, tabaraunsa a gefe. Ta ce kullum da safe sai ya zauna a kansa kafin ya karya.

Ban tambaye ta ko ya samo hotunan ba. Ta ce in ɗauki rumbun, na ce ta bar shi a nan tukuna.

Na dawo shago. Wani ya kawo aikin katin aure, na karɓa. Na danna kwamfutar, kafin in ja kujera har ta tashi. Ina zaune ina kallonta, har yanzu ban buga ko harafi ɗaya ba, kuma ban yi kuka ba.

Allah, kai ka san irin zaman da bawan nan naka ya yi da mu. Ka ba Madam Ladi da yaran haƙuri, ka tsaya musu. Mu da muka saura, ka sa mu cika da kyau.

Duk wanda ya karanta wannan, na masallaci da na coci, don Allah ku sa iyalinsa a addu'a. Ni ma ku sa ni.