Ludayi Uku na Fura a Gidan Surukata

A lokacin ina zaune a Gyadi-Gyadi, ina cikin matan nan da ake yabo da kawaici, waɗanda ko sunan 'yar fari ba sa faɗa. 'Yar farin tawa da ciwon hanta aka haife ta. Tana shekara huɗu aka yi mata dashe a ƙasar waje, kuma a jikina aka yanki hantar. Da za a sallame mu likita ya ja min kunne, ya ce maganin da za ta riƙa sha yana raunana garkuwar jiki don kada jikin ya ƙi sabuwar hanta, saboda haka ita da nonon da ba a tafasa ba har abada. Ya ce ƙwayoyin cutar da ke cikinsa mai lafiya zai sha ya kwana lafiya, ita kuwa suna iya kai ta kushewa.

Wata biyar da dawowarmu muka je gaida surukata a Tarauni. Hajiya ta dubi yarinyar ta ce mun mayar da ita tsinke da abincin asibiti, ta sa aka sayo nono a ƙofar gida, ta dama fura da hannunta. Mijina, da kunnensa ya ji likita, amma ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ni kuma wai kunya! Wai kada a ce na nuna son 'yar fari a gaban suruka. Ina zaune ina kallo aka ɗura mata ludayi uku.

Bayan kwana biyu zazzaɓi da gudawa suka kwantar da ita, sati uku muka yi a asibiti. Wata nas 'yar Jos ta tambayi abin da aka ba ta, na faɗa mata, sai ta tambaye ni ina nake lokacin. Wallahi gara mari da wannan tambaya. Hajiya kuwa da ta zo dubiya cewa ta yi tsautsayi ne, ai su da nono aka raine su. Har yau babu wanda ya ce in yi haƙuri, kuma haushin kaina ya fi na kowa ci na.

Allah ya tashi kafaɗunta, sai dai hantar ta taɓu, an ƙara mata magani. Yanzu ko ruwa aka miƙa mata sai na tambayi daga ina, shi ya sa dangin mijina suke ce min fitsararriya. Su yi ta faɗa! 'Yan'uwana mata, in likita ya hana, ku buɗe baki a gaban ko wace ce. Gara a zage ki a tsakar gida da a zo miki ta'aziyya ana yabon kunyarki.