Keken da Bai Wuce Zaure Ba

"Ita ce fa mai zana gidajen nan a Zariya."

"To ta zana wa ubanta hanya mana. Tun kaka keken nan yake tsakar gida."

"Ke dai matsa, a niƙa miki dawarki."

A wurin injin niƙa na garin Likoro wasu mata suka yi wannan maganar, Mukarrama tana tsaye a bayansu da robarta. Da aka zo kanta aka niƙa, ta ɗauka ta tafi.

Ita ce 'yar fari ta Malam Tukur, manomin masara, dogo mai jiki. Ta karanci zanen gine-gine, tana aiki a wani kamfani: zane nata, sa hannu na wani, har sai ranar da za ta ci jarrabawar lasisi. Tana cikin shirin jarrabawar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama uban a gona. Ta dawo gida da littattafanta da keken guragu.

Keken ya shiga gida a naɗe. Da aka ɗora Malam Tukur a kai, sai keken ya ƙi fita ta zaure. Ƙofar cikin zaure matsattsiya ce, ga dokin ƙofa mai tsayi saboda ruwan damina, ga kuma bangon da ke tsaye a gabanta don kada mai wucewa ya hango mata. Mai tafiya da ƙafa ratsewa kawai yake yi. Keke ba ya samun wurin juyawa. Sau ɗaya samari suka ɗauki Malam Tukur zuwa dakalin ƙofar gida, inda abokansa ke zama bayan la'asar. Ya ce ba a ƙara ɗaukarsa kamar buhu. Abokan sun riƙa shigowa da farko, mata na shigewa ɗaki, daga baya sai dai su aiko da gaisuwa.

A gefensa take karatu da hantsi, a bayyane.

"Me kike ta maimaitawa?" Maganarsa a hankali take fitowa yanzu.

"Dokokin hanyar masu keke ne, Baba. Sun hau kan juna. Dokar nakasassu ta ce dole ginin jama'a ya shigu ga kowa, amma ba ita ce mai awo ba. Kundin ƙa'idojin gini shi ke faɗin yadda za a yi. Sannan akwai ma'aunin ƙasashen waje, wanda masu ba da tallafi ke sa wa a bi, mai faɗin ƙofa da gangara da filin juyawa."

"In suka saɓa fa?"

"Sai a ɗauki wanda ya fi tsauri. In ka cika shi, ka cika sauran."

"Wanne ne ya yi maganar zaurena?"

Ta ɗan duba shafin, ko da yake ta san amsar. "Babu, Baba. Gidan mutum nasa ne."

Duk da haka ta auna. Ta ɗauki mafi tsaurin, kamar yadda aka koya mata. Ta zana gangara mai sauƙi da magudanar ruwa a gindinta, ta faɗaɗa ƙofar. Komai ya zauna sai filin juyawa. Ta juya zanen ta kowace fuska, bangon nan ne dai a tsakiya.

Ranar Asabar ta kira Ahmadu magini. Ya gaida Malam Tukur a durƙushe, ya tashi ya dafa bangon.

"Wannan za a sauke, Malam. Kafin azahar an gama."

"In ya sauka, wanda ke titi zai ga madafa?"

"Zai gani, gaskiya."

"Baba, ana iya sa labule," in ji Mukarrama.

"Iska na ɗaga labule." Ya daɗe yana kallon bangon. "Mahaifina ne ya gina shi. Ahmadu, ka yi haƙuri, an taso ka a banza."

Magini ya tattara kayansa. Mukarrama ta naɗe zanen ta sa a jaka, ta zauna ta buɗe babin da ta tsaya. Idonta na kan layukan, ba abin da ke shiga. Jibi za ta koma Zariya, jarrabawar ta matso.

Bayan la'asar aka fara jin shimfiɗa tabarma a waje, wani ya yi tari, wani ya soma zancen taki. Malam Tukur ya karkata kai.

"Mukarrama."

"Na'am, Baba."

"Tura ni jikin bangon nan, ta inda ake jin muryarsu."