Ramar Baba a Cikin Gwangwani

Baba bai taɓa wuni a ɗaki ba sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Tun kafin a haife ni yake aiki a gonakin dabino na kwarin Aƙiƙ, a gefen Madina. Shi ne mai ban ruwa, shi ne mai hawa da igiya a ƙugu idan dabino ya nuna. Ya zo Madina yana saurayi, da ƙafa, daga wani ƙauye na ƙasar Katsina, bayan ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga. A nan ya auri Inna, a nan aka haife ni da ƙanena, a nan kuma ya raka ta maƙabartar Baƙi'a ya dawo shi kaɗai.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ne ya faɗi a gona. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun hagu ba ya motsi, ƙafar ma sai ja, magana kuma tana fita da ƙyar. Lokacin muna zaune a unguwar Bani Harisa, a wani gida mai hawa biyu. Mijina direban babbar mota ne a hanyar Badr, yakan yi kwanaki bai dawo ba, don haka na kwaso keken ɗinkina na koma kusa da Baba. Ƙanena yana aikin haɗa wutar lantarki, yana kwana a ɗakin sama.

Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Na dafa shinkafa da kaza, ya juya kai. Na yi tuwo da miyar kuka, wadda a da ba ya mayar da ita, ya yi loma biyu ya ture kwano. Ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Yakan zauna yana kallon taga, ba ya tambayar komai.

Bayan aikin Hajji na shekarar, wata hajiya daga Maraɗi ta sauka a gidan maƙwabtanmu, ta shigo duba shi. Da za ta tafi ta kwance bakin mayafinta, ta ba ni daddawa da ɗan busasshen barkono. A cikin ƙullin barkonon akwai wasu 'ya'ya baƙaƙe masu kusurwa, ba su fi cikin cokali ba. Na ɗauka datti ne, har na ɗaga hannu zan zubar.

Baba ya yi wani ƙara daga kan shimfiɗa. Na juya. Yana miƙo hannun damansa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da sunana ba. "Kawo."

Na zuba masa a tafin hannu. Ya daɗe yana juya su da babban yatsa. Sannan ya ce, "Rama."

Ni a Madina aka haife ni. Na san rama a bakin Inna kawai, idan tana ba da labarin kwaɗon da ake yi a garinsu. Ban taɓa ganin ganyenta ɗanye ba.

Washegari ya sa na tattaro gwangwanayen madarar gari da na man girki da ke jibge a ƙarƙashin bene. Ya nuna mini in huda gindinsu da ƙusa. Ƙasa kuwa ya ce ba ta ƙofar gida ba, ta yi gishiri. Sai da mijina ya dawo ya cika mana buhu da ƙasar kwari, muka haɗa da busasshen kashin awaki na wata mata mai kiwo a bayan unguwa. Baba da kansa ya dinga dangwala yatsa yana sa iri, ni ina riƙe masa gwangwanin.

Da farko a kan rufin gida muka ajiye su. Sun fito da kyau, amma da zafi ya shigo, iskar nan mai ƙuna ta Madina ta buso wuni guda, muka hau da yamma muka tarar rabinsu sun kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Na sauko na faɗa wa Baba. Ya rufe ido, sannan ya ce in sauko da waɗanda suka rage, in kawo su ɗakinsa.

Haka rama ta zama 'yar ɗaki. Na jera gwangwanayen a kan wani katako a ƙarƙashin tagarsa, wadda take kallon gabas. Sai ga wata matsalar. Haske bai ishe su ba, suka yi ta tsawo sirara, kowace ta karkata wuya zuwa taga, ganyen ya yi fari-fari. Kullum da hantsi Baba yakan ce, "Uwata, juya su." In juya kowane gwangwani, wanda yake baya in dawo da shi gaba. Ruwan famfo ma sai an tara shi a bokiti ya kwana kafin a ba su. Idan na cika hannu ya ce, "Za ki kashe su da so." Wannan ce doguwar magana ta farko da na ji ya yi tun faɗuwarsa, na fita tsakar gida na share hawaye don kada ya gani.

Ba da jimawa ba ya fara jan jiki daga shimfiɗa zuwa gindin taga. Da farcen hannun damansa yake tsinke kan kowace, ya ce ta haka za ta yi rassa ta ba da ganye da yawa. Na ce ni dai tausayinsu nake ji. Ya yi dariya da rabin baki. Ya kuma fara cin abinci, don ya ce mai jinya ba ya zama da yunwa, shi kuma yanzu yana da marasa lafiya a hannunsa.

Rama tana ƙarama ganyenta faffaɗa ne. Idan ta girma, na sama sai ya tsattsage ya zama kamar yatsun hannu. Ban san wannan zai jawo mana magana ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanena ya shigo fuskarsa a murtuke. Shi yana jin Hausa sarai, amma yawanci da Larabci yake amsawa, kamar sauran samarin da aka haifa a nan. Ya ja ni zuwa kicin, ya rufe ƙofa.

"Yaya, mene ne wannan da ke tagar Abuya?" Haka yake kiran Baba.

Na ce, "Rama ce. Ai kullum kana wucewa ta gabanta."

Ya ce dattijon da ke gidan da yake fuskantar namu, wani Balarabe mai sayar da turare kusa da Harami, ya tare shi a ƙofar masallaci. Dattijon ya ce masa daga tagarsa yana hango wani ganye a ɗakinmu, kuma ya taɓa ganin hoton irinsa a jarida, wai hashish ne, tabar wiwi. Ya ce shi ba zai kai ƙara ba saboda maƙwabtaka, amma unguwa tana da idanu.

Ƙanena ya tsorata ƙwarai. Ban ga laifinsa ba. Kowa ya san hukuncin wannan abu a ƙasar nan, kuma mu baƙaƙen fata ne, ko da takardun zama ɗan ƙasa a aljihu, ba a rasa mai kallonmu a matsayin baƙi. Ya ce, "Wallahi ya ukhti, 'yar'uwata, kafin a gane gaskiya an gama da mu. Aikina zai tafi. Khalas, shi ke nan, yanzu zan zubar da su."

Ya nufi ɗakin Baba, na bi shi ina roƙonsa. Ya sunkuya ya ɗauki gwangwani biyu. Baba bai yi faɗa ba. Ya dube shi kawai, ya ce, "Ajiye, ɗana. Zauna."

Ya zauna a bakin shimfiɗa da gwangwanayen a kan cinyarsa. Na maimaita wa Baba abin da aka ce. Baba ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya da ya ji tsoro. Mutumin ma ya kyauta da ya zo gare mu bai je wani wuri ba." Ya numfasa. "Je ka ce masa ina gayyatarsa cin abinci gobe da rana."

Ranar Asabar da safe muka yi tsinkar farko. Baba yana nuna mini wanda zan cire da wanda zan bari. Duk abin da muka samu bai cika kwano ba. Ya ce in tafasa in zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu, in matse. Ba mu da ƙuli-ƙuli, sai na soya gyaɗa na daka ta da barkonon hajiyar nan, na yanka albasa da tumatir, na ɗiga mai. Ina kwaɗawa yana leƙowa daga ɗaki yana cewa, "Gishiri kaɗan. Uwarki ba ta cika gishiri."

Dattijon ya zo bayan azahar, yana ƙamshin turaren itace, yana ta kame-kame. Ya gaida Baba, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, amma idonsa yana kan taga. Ƙanena ne ya zauna tare da su, ni ina bayan labule ina saurare. Baba ya tsinki ganye ɗaya ya miƙa masa.

"Tauna, ya Hajj."

Ya karɓa da yatsu biyu, ya shinshina, ya yi bisimilla ya sa a baki. Sai na ji ya yi tsaki irin na wanda tsami ya kama wa haƙori, ya ce, "La ilaha illallah! Ai wannan ɗan'uwan karkade ne!" Karkade shi ne zoɓo a wurinsu. Ya fashe da dariya har yana tari, sannan ya kama hannun Baba ya ce ya yafe masa, shi tsoro ne ya kama shi a kanmu. Baba ya ce babu komai, ya matso ga kwano.

Dattijon ya ci loma uku don kara. Ban ce ya ji daɗinsa ba, domin ya sha ruwa sosai. Baba kuwa ya cinye sauran tas, ya suɗe yatsu. Da baƙon ya tafi na shigo ɗaukar kwano, na tarar hawaye yana bin gemun Baba. Ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun ranar da mahaifiyarsa ta ƙulla masa guzuri. Ya ce Inna ta yi ta neman irin a wurin alhazai, Allah bai nufa ba.

Bayan kwana kaɗan sai ga ƙanena ya dawo daga aiki da doguwar fitilar lantarki a hammata, irin farar nan da ake sawa a shaguna. Ya hau kujera ya kafa ta a saman katakon, ya ja waya, ya sa makunni daidai inda hannun daman Baba zai kai daga zaune. Ya ce ya lura tun kafin azahar rana take barin tagar. Baba ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, kamar yaro da sabon abin wasa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ƙanena ya sumbaci kansa ya fita da sauri.

Daga nan ramar ta murmure, ganyen ya yi kore shar, har sai da muka ƙara katako na biyu. Duk mako muna samun na kwaɗo, wani lokaci har da na miya. Baba ya ware guda biyu ya hana a taɓa su, ya ce na iri ne. Wata safiya ya kira ni da ƙarfi, na shigo a guje na tarar fure ne ya buɗe, ruwan madara, cikinsa ja mai duhu. Kafin la'asar ya rufe. Muka zauna ni da shi muna kallonsa, na bar ɗinkin mutane a kan keke.

Da irin ya bushe, labari ya riga ya zaga. Matan unguwa suka fara zuwa, 'yan Kano da 'yan Damagaram da wata tsohuwa 'yar Cadi mai Hausa a karye. Kowace Baba ya ƙulla mata 'yan ƙwayoyi a tsumman da ya rage daga ɗinkina, ya yi mata bayani dalla-dalla. Tsohuwar nan sau uku tana dawowa ta ce nata sun mutu. Ya yi mata faɗa a kan yawan ruwa, ta rama masa, su yi ta musu, a ƙarshe ya sake ƙulla mata.

Baba ya yi wasu shekaru a haka. Bai sake tafiya ba tare da sanda ba, hannun hagun ma bai dawo ba, amma ɗakinsa bai rabu da mutane ba. Ya rasu a cikin sanyi, da hantsi, bayan ya sha shayi. Daga baya aikin mijina ya mayar da mu Jidda, na raba gwangwanayen ga maƙwabta.

Shekaru masu yawa bayan haka na koma Madina gaisuwar wata rasuwa, a wata unguwa da ban taɓa shiga ba. Na shiga kicin in taya su zuba abinci, sai na ga rama a cikin robar fenti a bakin taga. Na tambayi yarinyar gidan inda suka samo. Ta ce tun zamanin kakarta suke da ita, wai wani tsoho ne mara lafiya yake rabawa, ita dai ba ta san ko wane ne ba. Na ce ta tsinko mini ganye ɗaya. Ta tsinko, na tauna, muka ci gaba da zuba shinkafa a faranti.